Tulun Gilashin Tsoho Cheah

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyar a buga gwanjo, wata mai sayen kayan tarihi da ta taso takanas daga Hong Kong ta ɗauki tulun gilashin marigayi Cheah a ɗakin baje kaya na Tauke Yeap. Ta auna nauyinsa a hannu, ta kifa shi, ta bi tambarin gindinsa da farce, sannan ta mayar da shi kan tebur ta goge yatsunta. Ta ce jikanta na goye ya girmi wannan tulun.

Tulun nan kuwa shi ne dalilin gwanjon gaba ɗaya. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, launinsa na gwaiduwar ƙwai, launin da a da sarkin Sin kaɗai ake narka wa. Hotonsa ne a bangon littafin gwanjo, kuma masu kuɗi daga ƙasashe huɗu sun riga sun kama ɗakuna a otal saboda shi. Aka kira Gwani Quah, wanda shekara arba'in shi ke tantance wa gidan gilashi. Ya ɗauka, ya juya, sai ya nemi kujera. Ya ce jabu ne, amma ya rantse wanda ya sa wa hannu ranar da aka kawo shi na gaske ne.

Ke nan a cikin gidan aka yi musanya. Makullin ɗakin ajiya kuwa biyu ne rak. Ɗaya yana aljihun Tauke Yeap, mai gidan gwanjon, ɗaya yana wuyan Periasamy, wanda kowa ke kira Samy, mai naɗe kaya da ɗaukarsu shekara talatin da huɗu.

Mutanen George Town, birnin tsibirin da gidan gwanjon yake, ba sa jinkirin yanke hukunci, musamman in wanda za a yanke wa ba shi da kowa. Kafin la'asar mai kofi ya tuna Samy ya sauya babur, mai sayar da taliya ya tuna tun can bai yarda da shirunsa ba, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sun san halinsa. Cheah Teik Lye, ɗan marigayin, ya daki tebur ya ce ya ba da zuwa safiyar Asabar. Ko tulun ubansa ya fito, ko Samy ya kwana a hannun 'yan sanda. Tauke ya karɓe makullin daga wuyan Samy a gaban mutane.

*

Loh Gaik Sim ta yi shekara ashirin da shida tana aikin 'yan sanda kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Tun daga nan take bin sawun kayan tarihi da suka yi ƙafa, kuma dillalan garin sun fi son kiranta da kiran hukuma, don ita ba ta zuwa da 'yan jarida. Mace ce gajeruwa mai lema, ba ta da saurin magana, ba ta kuma da saurin yarda. Ta san Samy tun tana kurtu, shi ya sa da Tauke ya kira ta ranta ya ɓaci tun kafin ta ji ƙarshen labarin.

Tauke ya so a ce matar Hong Kong ce, don in baƙuwa ce gidansa ya fita. Gaik Sim ta zauna ta kalli hoton kyamara sau uku. Matar ba ta riƙe tulun ya kai minti ɗaya ba, jakar hannunta kuma ko lemo biyu ba za ta ci ba. Ta tambaye shi nasa makullin. Ya ce ko wanka da shi yake shiga. Ta ce ta ji, amma wanka ba shaida ba ne. Ta yini tana zaga dillalan da ta san suna sayen kaya ba tare da tambayar asalinsu ba, duk suka ce ba su ji ƙyas ba. Wannan ya dame ta, domin irin wannan tulun ba ya motsawa a tsibirin nan ba a ji ba.

*

Ranar Talata ta hau bene hawa tara a unguwar Jelutong inda Samy yake zama, tana tsine wa na'urar hawa da ta mutu. Ta tarar da Samy zaune a tabarma yana linke tsofaffin jaridu gida huɗu-huɗu, don hannunsa bai iya zama haka nan ba. Matarsa ta kawo shayi ta koma ciki. Tun jiya ba ta leƙa kasuwa ba.

Maganar babur ba ta ɗauki lokaci ba. 'Yarsu ce mai aikin jinya a Singapore ta saya masa, takardun suna nan da sunanta. Ya ba da labarin ranar da aka kawo tulun, tara ga wata. Shi ya je gidan Cheah da mota, matar marigayin ta miƙa masa akwatin da hannunta, ya kawo, ya buɗe a kan tebur, Gwani Quah ya duba ya sa hannu, shi kuma ya kulle. Gaik Sim ba ta tambayi yadda aka yi duban ba, kuma wannan sakacin ya ci mata kwana biyu.

Ta tambaye shi ko bai ji tulun ya yi masa sauƙi a hannu ba. Ya ce da me zai gwada? Shekara talatin yana ɗaukar gilashin tsoho Cheah zuwa baje koli yana mayarwa, amma wannan guda ɗaya tsohon bai taɓa bari ya taɓa ba. Ko ƙura da kansa yake share masa.

Da ta tashi tafiya ya rako ta bakin ƙofa.

"Sajan, ba kurkukun ne ke damuna ba," in ji shi. "Jiya maƙwabcina ya gan ni ya shige da takalmansa ciki."

"Yaya Samy, wa zai saci takalman nan nasa? Ko kare sai an roƙe shi."

Ya yi murmushi don kada ta ji kunya, amma ita ta sauka benen da nauyin zuciya.

*

Gidan Cheah har yanzu da farin ƙyallen makoki a saman ƙofa, mako biyar da rasuwar. Teik Lye ya tare ta a zaure. Mutum ne da ya yi shekara ashirin a Kuala Lumpur, bai san bambancin gilashin fada da kofin shan ruwa ba, amma ya san farashi sarai. Shi ya kawo 'yan gwanjo suka duba tulun suka ɗauki hoto tun uban yana kwance a ɗaki yana numfashi. Ya yi ta faɗa a kan amana da yadda duniya ta lalace, ita kuma tana jin sa.

Sai da ya gaji ya ja ta gaban teburin kakanni ya nuna mata abin alfaharinsa. A cikin wani ƙaramin akwati mai murfin gilashi, bayan hayaƙin turare, akwai wani dunƙule mai toka-toka kamar ƙaramin mangwaro, da 'yan ɓarɓashin ƙashi a manne. Ya ce washegarin ƙona gawar, da suka je tsintar ƙashi, suka same shi a cikin tokar. Kowa ya san tsarkaka ne kaɗai ke barin irin wannan dutse a tokarsu, na manyan masu ibada ma ƙanana ne, amma dubi na ubansa. Dangi har daga Ipoh suke zuwa su rusuna. Shi kansa safe da yamma yake kunna masa turare.

Gaik Sim ta haɗa hannu ta rusuna yadda ya kamata. A ranta kuwa dariya ce ta taso. Ta san tsoho Cheah. Mutum ne mai son sukuwar dawaki da naman alade mai kitse, kuma in ya buɗe baki da zagi har direbobin tasi sai sun tsaya koyo.

Uwargida Cheah, matar marigayin, ta fito da shayi. Ta haura tamanin, siririya, sanye da baƙi, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta tabbatar ita ta ɗaure akwatin ta miƙa wa Samy. Ta tambaya yaya Samy yake, amma ba ta tsaya jin amsa ba, ta juya ta koma ciki.

*

Ranar Alhamis Gaik Sim ta nufi gidan Gwani Quah don kawai ba ta da sauran inda za ta. A bakin ƙofa ta ja ta tsaya. Jan ƙyalle ne rataye a sama, na biki, har ya soma koɗewa. Ta tambayi mai aikin gidan yaushe aka yi. Aka ce auren autar maigida ne, sha biyu ga wata.

Ta shiga ta yi masa murna, ta ci kek ɗin bikin da ya rage, ta yaba hoton ango. Sai ta ajiye kofi.

"Gwani, tulun ya zo tara ga wata, daga gidan makoki. Bikin 'yarka sha biyu. Uban amarya, saura kwana uku, ya sa hannu a kayan gidan mutuwa? Ni da ban haihu ba ma ba zan yi ba. Matarka da ta ji da a titi za ka kwana."

Quah ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Daga ƙarshe ya faɗi gaskiya. Matarsa ta sa shi ya yi rantsuwa ba zai kusanci kayan ba, don kada makoki ya ci karo da biki. Ranar da aka kawo tulun a bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, taku goma tsakani, ya sa Samy ya ɗaga shi a ƙarƙashin fitila. Launi ya yi, siffa ta yi. Ai ya riga ya yi awa biyu da tulun a hannunsa a gidan Cheah wata uku da suka wuce, me ya rage? Ya sa hannu. Ranar Litinin da ya ji nauyin abin a hannunsa ya gane komai, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Shekara arba'in na suna, a ce ya tantance kayan miliyoyi daga bakin ƙofa?

"Shi Samy shekara talatin da huɗu ne nasa," in ji Gaik Sim. "Ka girme shi da shida, shi ya sa naka ya fi tsada?"

Ta ɗauki lemarta ta fita ba sallama.

Yanzu lissafin ya juye. Babu wanda ya san gilashi da ya taɓa tulun tun ranar da ya bar gidan Cheah sai ranar Litinin ɗin nan, don haka babu shaidar na gasken ya taɓa shiga gidan gwanjo. Bai kuma shiga kasuwa ba, da ta ji. Ta zauna a tashar bas tana juya abin. Bas biyu suka wuce ta. Tana tunanin tsohon da ba ya bari a share wa tulunsa ƙura, sai ta tuna dunƙulen tokarsa, da yadda mai koya wa direbobin tasi zagi ya wayi gari tsarkakakke.

*

Mai kula da tanderun gidan ƙona gawa, tsoho Boon, yana cin shinkafarsa a inuwa lokacin da ta same shi ranar Juma'a. Ya tuna Cheah sarai. Ya ce shekara ashirin yana kwashe toka, ya ga duwatsun tsarkaka sau biyu ko uku, kuma ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Sauran duk tabarau ne da agogo da kwalbar man zafi da suka narke. An hana sa gilashi a akwatin gawa, amma wa ke ɗaga bargunan da mata suka lulluɓa wa mamaci ya duba? Na Cheah da ƙyar ya ɓamɓaro shi daga farantin tanderun.

Ta ce me ya hana shi faɗa musu. Ya ce ɗan ya riga ya durƙusa yana kuka yana cewa ubansa ya tsarkaka. Shi kuma ba a biyansa don ya tashi mutum daga durƙuso.

*

Safiyar Asabar ta tara su a ofishin Tauke, gwanjo sai ƙarfe biyu. Ta ce wa Teik Lye ya zo da dutsen ubansa don a rantsar da wanda ake zargi a gabansa, ya kuwa zo da shi a rungume, da uwarsa a baya. Quah ya zauna can lungu. Samy ya zo cikin farar riga da aka goge, da 'yar jaka a hannu, wato ya shirya tafiya da 'yan sanda.

Gaik Sim ta fara da Quah. Ta sa shi ya maimaita abin da ya gaya mata, ya maimaita kansa a ƙasa. Tauke ya buɗe baki zai yi faɗa ta ɗaga masa lema. Sannan ta ce wa Quah biki ya wuce, yanzu yana iya taɓa kayan mamaci. Kafin Teik Lye ya hana, ta buɗe akwatin ta ɗora masa dunƙulen a tafin hannu. Ya jiƙa yatsa ya goge tokar gefe ɗaya, ya kunna 'yar fitilarsa ta aiki a baya. Haske ya ratso, ruwan gwaiduwar ƙwai, da 'yan ƙananan kumfa a ciki.

Quah ya daɗe yana kallo, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce tulun ne ya narke. Ba a sake narka irin wannan launin ba tun shekara ɗari biyu da hamsin.

Teik Lye ya yi tsuru-tsuru, ya dubi dunƙulen, ya dubi kowa. Gaik Sim ba ta kula shi ba, ta juya ga tsohuwar.

"Goggo, ke za ki faɗa ko ni?"

Uwargida Cheah ta gyara zama. Ta ce tulun biyu ne tun asali. Mijinta ya sa an yi masa kwafi shekaru da yawa, shi yake fitowa da shi in baƙin da bai yarda da hannunsu ba sun zo. Yana kwance yana jin 'yan gwanjo a falo suna ɗaukar hoto, ya juya fuskarsa bango bai ƙara yi wa ɗansa magana ba. Bai roƙe ta komai ba. Ita ce da aka zo lulluɓa barguna ta sa masa na gasken a ƙarƙashin hannunsa na dama, ta sa kwafin a akwati.

"Mama, kin san abin da kika ƙona?" in ji Teik Lye. "Kuma kina kallona mako biyar ina rusuna wa kwalba?"

"Ina kallo. Shekara ashirin ban ga ka rusuna wa ubanka ba, sai na ce bari in ƙyale ka."

Gaik Sim ta ji daɗin maganar har cikin ranta, amma daɗin bai daɗe ba, don Samy ya ajiye jakarsa ya matso gaban tsohuwar. Bai ɗaga murya ba.

"Goggo, tun Litinin kin ji an ce ni ne?"

Ta ce ta ji.

"Ni na ɗauko maigida daga bene a bayana ranar da za a kai shi asibiti."

"Na sani, Samy. Na ce a raina ba za su sami shaida ba, za su gaji su sake ka." Ta sunkuyar da kai. "Kullum na ce gobe zan faɗa."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin albasa. Ko kallon Quah bai yi ba.

Tauke ya yi wuf ya zaro makullin daga aljihu, ya rataya masa a wuya da hannunsa, yana ta zuba. Ya ce shi dama can zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba, ya ce za a ƙara albashi, ya ce ai su 'yan'uwa ne. Samy ya bar shi ya gama, sannan ya duba agogo ya ce saura awa uku, kuma ba a jera kaya ba.

*

An yi gwanjo ba tulun. Gaik Sim ta tsaya a baya ta ga an sayar da kaya arba'in da biyu, kwalaben taba da kwanoni da tuluna ja da shuɗi. Duk wanda guduma ta faɗa a kansa Samy ya ɗauke shi da hannu biyu, ya kai baya, ya naɗe shi da takarda da auduga yadda ya saba, ya ɗaure ya rubuta lamba. Ko ɗaya bai tsage ba.

Da ya gama ya share teburin, ya kulle ɗakin ajiya, ya zo ya same ta a bakin titi. Ta ce ai shi ke nan, sunansa ya fita fes, gobe duk garin zai ji. Ya ce ya gode, Sajan. Sai ya ce mutum uku ne suka san shi fiye da kowa a garin nan, biyu sun san ba shi ba ne suka yi shiru, na ukun ya cire masa makulli a gaban jama'a bai tambaye shi ko kalma ɗaya ba.

Ya cire makullin daga wuyansa ya sa mata a hannu, ya roƙe ta ta miƙa wa Tauke in ya gama gaisawa da baƙi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ranar Litinin bai zo aiki ba, kuma bai sake zuwa ba.